Ɗorawar da Aka Yi wa Zobe

Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, ko da yake in na tuna shi yanzu kamar tatsuniyar yake zo mini, a hankali, da hasken hantsi a kansa. Abin da ya tayar mini da shi kuwa darbejiyar ƙofar gidan maƙwabcinmu ce a nan Tarauni. Mai gidan yana son ya fitar da shaguna, bishiyar ta tare masa wuri, ga shi yana jin nauyin 'yan unguwa su ga ya sa mata gatari. Sai ya sa aka zagaye gindinta da adda, aka ɓare ɓawon, aka bar ta tsaye da farin zobe kamar an sa mata munduwa. Masu adaidaita sahu har yanzu suna fakawa a inuwarta, mai shayi yana nan da bencinsa, ganyenta kore shar. Jikata ta ce mini, "Hajiya, kin ga ba abin da ya same ta." Na ce, "Uhm." Ni na san abin da zobe yake yi wa bishiya. A gindin irinsa na yi wayo.

A lokacin da nake faɗa, Gyadi-Gyadi, inda na taso, ba ta zama gari ba. 'Yan gidaje ne na ƙasa a bakin hanyar Zariya, gonaki sun rungume su ta kowane gefe. In ka tsaya a bayan gidanmu ka dubi wajen Tarauni, ba abin da zai tare maka ido sai dawa da gero da kawunan bishiyoyi, kowace da sunan mai ita. Da safe luguden mata ne yake tashin mutum, turmi yana amsa wa turmi daga gida zuwa gida. Sai ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, sai kurciya, sai jaki ya yi kukansa kamar an yi masa laifi. Mota in ta wuce, yara sukan bar abin da suke yi su bi ta da ido har ƙurarta ta kwanta. Yanzu kuwa ina kwana ina tashi a cikin ƙarar janareto da hon, kuma in na ce wa jikokina a wajen da ake gyaran motocin nan na taɓa tsinkar rama, sai su yi mini irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara rikicewa.

Mahaifinmu ya rasu ina 'yar yarinya, na dai isa ɗaukar ƙaramin tulu. Ya bar mana gida, da 'yar gonar da ba ta kai ta ciyar da mu ba, da ɗorawa guda a kan iyakar gonar. Ni ce da ƙannena maza biyu, sai Inna, sai mahaifiyarta da ta zo taya ta zaman takaba ba ta koma ba. Iya muke ce mata. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" shi ne sunana a bakinta, in da baƙi kuma "yarinyar nan". Ba ta yabona, ba ta tsaya mini a gaban mutane, in na faɗi na kurje gwiwa Iya ce mai hura mini. Matan yanzu da nake gani suna rungume ɗan fari a bakin titi ana ɗaukar su hoto ba za su gane ba. Mu a haka muka taso. Kunya ce, kuma wadda ta fi kowa ita ake yabo.

Ɗorawar nan ita take riƙe da gidan. Da rani ya yi nisa sai ta fitar da jajayen furanni masu lilo kamar tuntun hula, jemagu su sha da magariba, zuma ta sha da safe, har ka ji bishiyar tana guna kamar mai barci. Daga nan 'ya'ya su sauko dogo-dogo, a sa ƙugiya a kakkaɓo. Garin rawaya na cikinsu mu sha da ruwa har bakinmu ya rine. Kwanson a jiƙa shi ya zama makuba, a yayyafa wa daɓen ɗaki ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ƙwayar kuwa, kalwa, ita ce ta Inna. Ta dafa ta sai ta yi laushi, ta surfa da toka, ta wanke a kwando, ta sake dafawa, ta rufe da ganye ta bar ta ta yi warinta, sannan ta kirɓa ta mulmula ta shanya. Daddawar Inna har daga cikin birni ake aiko saye. Da ita muke cin tuwo, da ita muke sa sutura. Yau 'yan matan gidanmu ɗan dunƙulen kanti suke murzawa a miya, in na fito da daddawa sai su toshe hanci.

Yayan mahaifinmu, Baffa, manomi ne a can wajen Rano. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Allah bai ba shi 'ya mace ba, kuma tun da aka share makoki ya ce baki uku sun yi wa mace ɗaya yawa, zai ɗauke ni ya riƙe. Hakkinsa ne, 'ya'yan ƙaninsa nasa ne. Inna ta sunkuyar da kai, ina za ta iya buɗe baki a kan 'yar fari? Iya ce ta ce masa, "Ɗorawa tana ciyar da su, ka bari mu gani." Ya bari. Amma duk shekara in ya zo, sai ya dubi bishiyar, sannan ya dube ni. Tun ina ƙarama na gane zamana a gaban Inna a jikin ɗorawar nan yake rataye.

Wataƙila shi ya sa nake manne da Iya in tana zancen tsirrai. Ba ta koyarwa a zaune, sai dai a cikin aiki. Muna cire ciyawa sai ta karkaɗe ƙasar wata ta miƙo mini. "Duba nan, ƙawata. Wannan babbar saiwar turke ce, riƙe ƙasa take yi. Masu shan ruwan su ne 'yan siraran nan masu kama da gashin jariri. In za ki dasa barkono ki ɗauko shi da ƙasarsa. In kika fizge shi, kin baro bakinsa a baya." Wata rana ta ɗaga ganyen kabewa ta tare rana da shi, na ga jijiyoyi sun rarrabu a cikinsa kamar hanyoyin ƙafa a cikin gona, babba ta haifi ƙanana, ƙanana suka haifi waɗanda ido ba ya iya bi. Ta ce ganye shi ne madafar tsiro, rana ce wutarsa.

Na ce, "Iya, me yake dafawa? Ni ban ga hayaƙi ba."

Ta ce, "In ba ya dafa komai, daga ina zaƙin garin ɗorawa yake zuwa? Je ki lashi ƙasar gindinta ki ji ko akwai zaƙi."

Na je na lasa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Allah Ya shirye ki, ƙawata, da na ce ki faɗa rijiya ki gano ruwa fa?"

Ranar da muke sundar rama ta nuna mini abin da ya fi zauna mini. In ka ɓare ɓawon kara ɗanye, bayansa busasshe ne kamar riga, amma cikinsa akwai wata tsoka mai damshi, kuma tsakaninta da itacen akwai wani ɗan santsi da yake manne wa yatsa. Iya ta ce daga santsin nan bishiya take ƙara kauri, yana yi mata sabon itace ta ciki, sabon ɓawo ta waje. Ta ce hanya biyu ce a jikin kowace bishiya. Ta hawa tana cikin itace, ta nan ruwa yake tasowa daga saiwa zuwa ganye. Ta sauka tana cikin tsokar ɓawo, ta nan girkin ganye yake gangarowa ya ciyar da saiwa, don ita saiwa a duhu take, ba ta da wutar girki, sai abin da aka aiko mata. Da na ƙi yarda, ta kai ni wajen reshen tsamiyar da aka daɗe da ɗaure wa igiyar lilo. Igiyar ta nutse a cikin ɓawo, reshen ya kumbura ta gefen ganye, ta gefen uwar bishiyar kuwa ya tsuke. Ta ce, "Kin gani? Kaya ne suka zo wucewa suka tarar an rufe ƙofa." Tun daga ranar in na kwanta a inuwar ɗorawa da azahar, nakan manna kunnena a jikinta. Sai in ga kamar ina jin su, masu hawa da tuluna, masu sauka da akusa, ba mai karo da wani, kowa ya san hanyarsa.

Saboda wannan ne ake da ƙa'idar ɗiban sassaƙe. Ɓawon ɗorawa magani ne na ciki, kuma ba a hana mai nema. Amma a wajenmu gabas da yamma ake sassaƙa, a ɗebi kaɗan nan, a ɗebi kaɗan can, a shafa wa ciwon ƙasa. Da yawa sun ɗauka sirrin maganin ne yake gabas da yamma. Iya ta ce ita ba ta musa ba, amma abin da ta sani shi ne an bar wa bishiya kudu da arewa ta ci abinci.

Sai wata damina gudawa ta shigo cikin yara. Ba gidan da ba a shanya tsumma ba. Mata suka riƙa sallama a ƙofarmu, "Inna, a taimake mu da sassaƙe." Inna ta ce, "Ku je ku ɗiba, Allah Ya ba da lafiya." Kowa ya bi ƙa'ida, amma masu nema sun yi yawa. Wannan ta ɗan ƙara faɗi, waccan ta ɗan ƙara, har fuskar gabas da ta yamma suka zama fili, jajawur, suna tsattsafo da ƙaro. Abin da ya rage wa bishiyar siraran ɓawo ne guda biyu, ɗaya ta kudu, ɗaya ta arewa, ko tafin hannuna bai kai ba.

Akwai wata baƙuwa da ba su daɗe da sauka a unguwar ba, mijinta lebura ne a aikin hanya. Ɗanta na goye ya kwanta har idonsa ya faɗa. Wata safiya muna shara sai ga ta da ƙwaryar gyaɗa a kai, fuskarta wasai, ta durƙusa a gaban Iya.

"Iya, godiya na zo yi. Yaron ya kama nono."

"Alhamdu lillahi. Kin samu sassaƙen ke nan?"

"Na samu. Sai dai mutanen garin nan ba su iya ɗiba ba, Iya. Rabi suke yi. Mu a garinmu kusurwa huɗu ake haɗawa, gabas, yamma, kudu, arewa, in ba haka ba maganin ba ya cika. Na ga duk sun bar kudu da arewa, na ce to ni bari in cika nawa. Da gizagon maigidan na kankare su tas."

Tsintsiyar hannun Inna ta tsaya. Iya ta dubi yaron da yake goye, yana wasa da bakin zanen uwarsa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Allah Ya raya shi. Ki riƙa ba shi ruwa da yawa." Da matar ta fita muka nufi gona. Zoben ya haɗe. Iya ta zagaya bishiyar tana bin ciwon da yatsa, ko za ta sami ɗan zaren ɓawo da ya tsira. Ba ta samu ba. Ta kwaɓa laka da kashin shanu ta shafe wurin, amma na ga hannunta yana yi ne kawai don kada ya zauna banza.

Ni kuwa kullum sai na je na ɗaga kai. Ganye yana nan. Kaka ta wuce yana nan. Da rani ya zo, sai ɗorawar ta yi furen da ba a taɓa ganin ta yi ba. Ja ya rufe ta tun daga sama har rassan ƙasa, kamar an shanya mata kayan amare. Jemagu suka riƙa zuwa kamar hadari. Masu wucewa a hanya suna tsayawa su ce tabarakallah. Mata suka ce ladan maganin da Inna ta bayar ne Allah Ya mayar mata. Na ruga gida na ce, "Iya, kin ga ta warke!" Ta jawo ni ta ɗora hannuna a leɓen ciwon na sama. Ya kumbura, ya yi tudu kamar reshen tsamiyar nan. Leɓen ƙasa kuwa a bushe. Ta ce, "Ruwa yana hawa, shi ya sa ganye bai sani ba. Amma abin da aka dafa ba ya sauka. Ya rasa wajen zuwa, shi ne ya zama fure. Rabon saiwa ne kike gani a sama, ƙawata. Ita tana can tana cin ajiyarta."

A cikin nauyin 'ya'yan nan Baffa ya zo. Rassa har sun rusuna. Ya tsaya ya yi murmushi, sannan ya matso, idonsa ya sauka a kan lakar da ta fara zubewa. Manomi ne, ba sai an gaya masa ba. Ya ƙwanƙwasa itacen da sandarsa.

"Iya, wannan ai ta tafi. Tsayuwa ce kawai ta rage."

"Ka taɓa ganin gawa da ganye?"

"Ganyen sallama ne, kin fi ni sani."

"To ka bari ta gama sallamar. Mai gida ba ya naɗe tabarma baƙo yana zaune. Ga kalwa nan ta fi ta kowace shekara, yarinyar nan ce mai taya uwarta wanki. Ka ɗauke ta yanzu, ni da wannan bayan nawa zan sunkuya a kududdufi?"

Baffa ya yi dariya. "Iya, ke dai ba a kayar da ke. To na ji. Duk daminar da ta sauka na zo na tarar babu ganye a jikin bishiyar nan, zan tafi da 'yata. Kin yarda?"

"Na yarda. Ke ma kin ji," ta ce da Inna. Inna tana gefe, ta rufe rabin fuska da mayafi. Ta ce, "Na ji, Yaya."

Shekarar nan mun yi aiki kamar ba za a ƙare ba. Kalwa ta cika rumbu ta cika tukwane, har a ƙarƙashin gado. Inna ta yi daddawa ta yi suna, har masu ɗorawa na Tarauni da Unguwa Uku suka fara kawo mata tasu kalwar ta sarrafa a raba. Amma ni ba wannan ne a gabana ba. Ganye nake kallo. Damina ta sauka, ɗorawa ta yi toho, sai dai ƙanana, kuma inuwar ta zama kamar rariya, rana tana zubowa ta cikinta ɗigo-ɗigo. Baffa ya zo ya duba, ya ce, "Da sauranta," ya koma. Nakan kwanta a wurin in rufe ido in ga masu akusan nan sun taru a bakin zobe, sun yi cirko-cirko, suna leƙen ƙasa. In ga saiwa a can cikin duhu ta buɗe baki tana jira. Wani lokaci a mafarkin rana nakan ga na zama 'yar mitsitsiya, na karɓi akushi guda na tsallake farin itacen da gudu na kai mata. In farka in tarar ganye ya zubo mini a zane, rawaya, tun kaka ba ta yi ba.

Da sanyin shekarar Iya ta kwanta. Ba ta daɗe ba. Ranar da aka fita da ita na zauna a bakin rijiya na kasa kuka, don abin da yake raina ya fi ƙarfin kuka. Mai yi mini magana ta tafi. Inna ko wuta za a sa ni ba za ta ce a bar mata ni ba, ba don ba ta so ba, sai don bakinta ba zai iya ba. Ranin nan ɗorawa ba ta yi fure ba. Ɓawonta ya riƙa ɓamɓarowa falle-falle, gara ta yi mata hanya, maƙwaƙƙwafi ya tare a kanta yana ta sara tun safe. Na daina zuwa wurin. In an aike ni gona sai in zagaya ta wata hanya, kaina a ƙasa.

Hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, duniya ta yi kore. Tsamiya ta yi sabon ganye, kuka ta yi, har kututturen da aka sare a bakin hanya ya yi. Daga ƙofar gida kana hango ɗorawarmu, rassa tsirara, baƙi ƙirin a cikin koren nan. Da aka gama noman farko sai ga Baffa a kan jakinsa, ya jawo wani a baya da shimfiɗa a kai. Ba wanda ya ce in haɗa kayana, ni na haɗa. Zanena biyu, da 'yar tsanata ta kara, da kwallin da Iya ta bar mini. Na ƙulle na fito na tsaya. Ƙannena suka riƙe mini zane. Baffa ya sha ruwa, suka gaisa da Inna, ya yi wa Iya addu'a. Sannan ya ce, "To, tun daga hanya na hango ta. Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ba za ta wulaƙanta a hannuna ba, kin sani."

Inna ta ce, "Na sani, Yaya." Sai ta gyara mayafi ta ce, "Amma da ka ƙarasa ka gan ta kusa."

Ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba. Shi ma ya ɗago ya dube ta. Ta wuce gaba, ya bi ta, ni ma na bi su da ƙunshina a kai. A gindin ɗorawar, ta gefen da ba ya kallon hanya, akwai tarin ƙayar magarya har gwiwa. Inna ta sa hannu ta janye ta. A ƙarƙashi wani tsohon kwando ne a kife, gindinsa a fashe. Ta ɗaga shi. Ƙasan zoben, a jikin ɓawon da ya rage dab da ƙasa, wani ɗan reshe ya ɓullo, bai fi tsawon hannuna ba. Jikinsa ja-ja, ganyensa ƙanana jere kamar haƙoran mataji, raɓa tana kansu. Ƙasar wurin ta yi baƙi ta yi laushi, an yi mata ɗan gurbi irin na wanda ya daɗe yana shan ruwan tulu, ba na sama kaɗai ba. Hannun Inna na duba, na ga tabon ƙaya sabo da tsoho har gwiwar hannu. Kullum ina ganin hannun nan a kan turmi, ban taɓa tambaya ba.

Ta ce, ba ta ɗago ba, "Ganye ka ce, Yaya."

Baffa ya tsuguna. Ya bi reshen da yatsa har inda ya fito, ya ɗan tone ƙasa ya ga ko dasa shi aka yi. Daga jikinta ya tsago, ba ko tantama.

"Wannan ai 'yarta ce, ba ita ba ce."

"Saiwarsu ɗaya. Shi yake ciyar da ita yanzu. Na sama sun kasa kai mata, shi yana ƙasan zobe, hanyarsa a buɗe take."

"Kin san shekarun da zai yi kafin ya yi 'ya'ya?"

"Ba ka ce 'ya'ya ba."

Ba ta janye maganar ba. Baffa ya daɗe a tsugune. Iska ta taso ta kaɗa ɗan reshen, ya yi ta sunkuyawa yana miƙewa. Can sai na ga kafaɗun Baffa suna motsi, na ɗauka fushi ne, ashe dariya ce take cin sa, irin wadda take zuwa da hawaye. Ya share ido da bakin rawani.

"Iya ta tafi, ashe ta bar wakili. Shekara da shekaru ina shiga gidan nan, ban san kina da baki ba." Ya miƙe yana dafa sanda, ya juyo gare ni. "Ke kuma uwata, sauke kayan nan, wuyanki zai yi ciwo. Jakin can na wahalar da shi a banza."

Ƙunshin ya zame daga kaina ya faɗi a cikin kunyar gona. Na dubi Inna, ina jiran ta dube ni ko sau ɗaya. Ba ta duba ba. Ta sunkuya ta mayar da kwandon a hankali, kamar mai rufe jariri, ta daɗe tana gyara masa zama ko da yake ya zauna daidai. Sannan ta ce, fuskarta tana wajen gona:

"Ke, tsayuwar me kike yi? Kamo ƙayar nan mu mayar, ba kya ganin awaki?"

Na kama gefe, ta kama gefe.